Maƙerin da Ya Nemi Tama a Ƙololuwa

Tunda ka tambayi yadda tama ke taruwa a cikin dutse, bari in ba ka misali. An yi wani maƙeri da ramin tamar kakanninsa ya ƙare ana dab da faɗuwar damina, ga manoman gari sun zuba masa ido, kowa na jiran fartanya. Ya hau tsaunin bayan gari ya yi ta fasa dutse a ƙololuwa, don shi a ganinsa abu mai daraja a sama yake zama. Tamar kuwa tana nan, amma tsilli-tsilli, baƙaƙen ɗigo a jikin farin dutse kamar an barbaɗa riɗi. Ya ƙona gawayi har ya gaji, abin da ya samu ko lauje bai isa ƙerawa ba. Tsoron kunya ya kama shi, amma tambaya ta fi cin ransa: wa ya warwatsa ta haka, kuma ina sauran ta shiga? Ran nan ya dawo gida, ya tarar matarsa ta tace gasara ta ajiye a ƙwarya. Gogan naka da ba ya gani ya ƙyale, sai ya ɗauki ludayi zai juya. Ta ture masa hannu ta ce, "Malam, bar min abina ya kwanta. Mai nauyin ƙasa yake zuwa, in dai ba a dame shi ba."

Sai ya tsuguna ya ƙura wa ƙwaryar ido kamar bai taɓa ganin gasara ba, har ruwa ya taso garau, ƙullun ya kwanta a ƙasa. Ya ce a ransa, tunda dutse na narkewa a murhunsa, me zai hana tsaunin nan ma ya taɓa zama ruwa? Ya saɓa gatari ya gangara gindin tsaunin, inda kwazazzabo ya yanke dutsen, sai ga baƙin layi shimfiɗe, mai kaurin katanga, ɗan guntunsa ma sai da nishi ake ɗaga shi. Masana duwatsu ma haka suke faɗa: narkakken dutse ne ya daɗe yana hucewa a can cikin ƙasa, shekaru aru-aru, ƙwayoyin ƙarfe da na wani ɗan'uwansa da ake kira taitaniyam suka yi ta daskarewa suna nutsewa, da yake sun fi nauyi, har suka taru wuri guda. Da ya huce da gaggawa, da duk a warwatse za su tsaya. Maƙerin ya kwaso baƙin dutsen ya zuba a murhu. Ɗan'uwan ƙarfen nan kuwa taurin kai gare shi, bai bar ƙarfen ya fito da sauƙi ba. Sau da yawa hannun maƙerin ya kai bakin murhu zai buɗe, sai ya tuna da ludayi, ya ƙara gawayi ya koma kan zuga-zugi. Ruwan shuka ya sauka, ya tarar da sababbin fartanyoyi a kafaɗun manoma.

Ka ga ƙasa ta dafa nata, shi ma ya dafa nasa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.