Kogo Mai Baki Biyu

Zauna, Mamuda, jingine homar nan tukuna. Na ji gobe za ka faɗa ruwa tare da masunta, karonka na farko ke nan a gasa, kuma tun shekaranjiya nake ganin wani yana zarya gidanka da goro. Mutumin da ko a kasuwa bai taɓa gaishe ka ba! Ni dai abin bai kwanta mini ba, ruwa ba ya tsami banza. Bari in ba ka misali.

An yi wani manomin albasa a bakin gulbi, wanda jan ruwa da jigo ya gama cinye masa ƙugu. Da aka yi shela cewa bana wanda ya kamo kifi mafi girma zai tafi da injin ban ruwa, sai ya ce Allah ya kawo. Yana da abin da ya taka. A gindin wata tsohuwar kanya da ke gefen garkarsa akwai kogo ƙarƙashin ruwa, kuma shekara uku yana ganin wata ƙatuwar giwar ruwa tana shiga tana fita, ga shi Sarkin Ruwa ya hana kamu a wurin sai ranar gasa. Kwatsam sai ga wani tsohon masunci, baki kamar zuma. Yau ya ɗinke masa homa, gobe ya koya masa hawan gora, ko godiya ba ya tsayawa karɓa. Matar manomin ta ce ita fa idon mutumin nan bai yi mata ba, yana magana yana leƙen gulbi. Mijin ya ce ta faye zargi. Daɗin hira ya kwashe shi, ya ja tsohon har gindin kanya ya nuna masa da yatsa. Tsohon ya tuɓe ya nutsa, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai, ya ce, "Ƙanena, wannan sai da tsokana. Da an buga bindiga ka nutsa ka yi ta zungurarta da ƙafa, da kanta za ta faɗo homarka."

Ranar gasa aka buga bindiga, bawan Allah ya nutsa. Saiwoyi suka yayyage masa ƙafa, ƙayar kurungu ta soke shi, ya sha ruwa har ya gode Allah. Ya ji kifin ya zabura, ya buɗe homa yana jira, shiru. Sai sowar jama'a ya jiyo daga bayan kanya. Ashe kogon baki biyu gare shi! Tsohon ya gano na biyun tun ranar da ya nutsa, kuma can ya je ya tare, ko gashin kansa bai jiƙe ba. Manomi ya kai kuka wurin Sarkin Ruwa, aka ce masa kifi na mai homar da ya faɗa ne. Har yau yana nan yana jan jigo, yana jin rurin injin a garkar maƙwabcinsa, don can tsohon ya sayar da shi. Wallahi duk na tuna sai raina ya ɓaci.

To gobe ka ci goron mutumin nan, ka yi masa godiya, amma ka kame bakinka. In ya ce maka tsaya nan, ka fara duba inda shi zai tsaya. Ba a banza Hausawa suka ce ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.