Baƙuwar Cikin Kwalba

Da la'asar Baba ya dawo Goronyo daga kai albasa Ikko, ɗauke da wata halittar teku cikin kwalba. Ja ce kamar fure, amma da na kai yatsa sai ta dunƙule.

"Rai gare ta," in ji shi.

Na ɗanɗana ruwan kwalbar, na ji gishiri zalla. A gidanmu ba a ba baƙo irin wannan ruwa, don haka na zubar, na cika mata da na randa. Ta saki jiki, ta daina motsi.

"Mi kinka yi, ɗiyata? Da gishirin ga take rayuwa."

Har yau in na miƙa wa baƙo ruwa, ina kallon fuskarsa har ya shanye.