Ta'aziyyar Mai Rai

Kai da kake koyon gina wa mutane shafin intanet, zauna ka ji abin da ya sami wani gwani a wannan sana'a. Ƙungiyar mutanen garinsu mazauna birni ce ta ba shi aikin shafin da za a riƙa sa sanarwar suna da ɗaurin aure. Aiki ya yi kyau, kowa ya yaba. Sai dai shafukan shugabanni, inda ake rubuta sanarwa ko a goge ta, bai tara su a sashe guda mai ƙofa ɗaya ba. Ya watsa su cikin shafukan jama'a, kamar manomin da ya gina rumbunansa a bakin hanya, kowanne da nasa kwaɗo. Abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya kewaye su wuri ɗaya, amma gwanin ya ce ai shi ya gina, ya san lungu da saƙo. Da shugabanni suka nemi ya ƙara musu wurin sanarwar rasuwa, sai ya ƙara a gurguje, ya manta bai kulle ba.

Wata safiya yana shagonsa yana shan koko, sai ga dattawan ƙungiya sun yi sallama, suka zauna, suka ɗaga hannu. Babbansu ya ce, "Ashe Inna lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri." Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe waya, ga sunan mahaifiyarsa a shafin da ya gina da hannunsa, har da cewa jana'iza bayan azahar. Ya kira ta, wayar ba ta shiga. Bai san yadda ya isa tasha ba, bai san yadda mota ta kai shi garinsu ba. Ya tarar da baƙi cirko-cirko a ƙofar gida. Ya kutsa ciki, sai ga tsohuwa tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, baki buɗe, tana kallon matan da suka shigo mata da kuka. Ya durƙushe ya riƙe ƙafarta. Kafin hankalinsa ya dawo aka gaya masa cewa yayarsa, mai fama da hawan jini, tana karanta sanarwar ta yanke jiki ta faɗi, tana asibiti, ɓarin jikinta ba ya motsi. Da ya duba shafin, sai ya ga duk wanda ya san adireshin wurin sanarwar rasuwar zai iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama. Har yau ba a san wanda ya yi ba. Ya rushe aikin, ya tara shafukan shugabanni a sashe guda bayan ƙofa ɗaya, amma yayarsa da sanda take tafiya.

Ka ga kuwa gaskiyar Hausawa da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.