Dutsen da Na Nuna wa Inna

Ni ba mai fita ba ce, ko yanzu daga unguwarmu Misfala a Makka sai Harami. Amma ina 'yar shekara bakwai Inna ta ja ni a bayan motar kaya har bakin bahar, arewa da Jidda, inda jirgin ruwa ya sauke su Inna da suka ƙetaro daga Sudan. A nan zazzaɓi ya ɗauke yayana Sani yana ɗan goye, tun ba a haife ni ba. Suka binne shi cikin yashi, Inna ta aza farin dutse don ta gane wurin.

To, da muka isa, wallahi gaɓar nan duk fararen duwatsu ce, iyakar gani. Inna tana rungume da butar zamzam da za ta yayyafa masa. Ta nufi can, ta dawo, ta durƙusa ta shafa wannan, ta tashi. Har rana ta karkata.

Sai ta ce, "Ya binti, 'yata, jininku ɗaya. Nuna min inda ɗan'uwanki yake."

Yashi yana ƙona min ƙafa, ga ƙishirwa. Na nuna dutsen da ya fi kusa, don kawai mu tafi.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

Ta juye ruwan duka tana cewa, "Sani, ga ni. Yi haƙuri, na daɗe."

Har ta rasu tana gaya wa maƙwabta ni na gano shi. Ban taɓa iya buɗe baki na gyara mata ba.