Bindigar Kafil

Da kafil, wato Balaraben da yake wa aiki, ya miƙa masa bindigar, sai ya karɓe ta da murna. Shekara uku yana tuƙa Balaraben nan a Doha, kullum yana cika masa kunne da labarin farautar barewa a dajin garinsu, da bindigar tokar mahaifinsa wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yau ga shi a gonar kafil a bayan Al Wakrah, ga kuma barewa can tsaye a gindin dabino.

"Yalla, maza, maharbi," in ji kafil. "A cinya, sau ɗaya tak."

Bindigar ba nauyi, ba warin albarushi, amma ina ruwansa! Ya durƙusa, ya riƙe numfashi, ya saki. Barewa ta yi taku biyar, ta yi tangaɗi, ta zube.

Nan take jinin farauta ya motsa. Ya zare wuƙa ya sheƙa a guje yana bismilla, kada ta zama mushe kafin ya isa. Har ya danne wuyanta.

"Khalas! Tsaya!" Kafil ya cafke masa hannu, likitan dabbobi na biye da jaka yana haki. "Allurar barci ka harba mata! Ƙafarta za a ɗinke. 'Yata ce ta raine ta!"

Bayan awa guda barewar ta miƙe tana lasar hannun maharbin. Ya yi dariya har da hawaye. Barewa arba'in ya kayar a rayuwarsa, wannan ce ta farko da ya yi wa barka da tashi.