Inna Ta Fara Daga Dama

"Kunna min aikinsa na ƙarshe," in ji Inna.

Matar ɗanta ta dubi kwamfutar. Tun rasuwar mijinta take ɓoye katun ɗin nan, zane mai motsi da ya yi a kwamfuta, don mutumin da ya zana kamarsa ce sak. A layin lokacin da ke ƙasan hoton, wanda in an ja a kansa hoton ke motsi, ya kafa alama biyu. A ta hagu mutumin na tsaye yana dariya, a ta dama yana kwance an lulluɓe shi. Kwamfuta ke cike motsin tsakani. Ashe ya san tafiya zai yi, ya ɓoye musu.

"Inna, ai bai ƙarasa ba."

"Matsa min, 'yar nan."

Tsohuwar ta kama linzamin kwamfutar. Ta fara daga dama, yadda ta saba karanta Larabci, ta ja zuwa hagu. Mutumin ya yaye mayafi, ya miƙe, ya yi dariya.

Matar ta sauke ajiyar zuciya. Gara a bar Inna da kuskurenta.

Inna ta koma dama ta sake ja. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Na san daga hagu ake farawa, shi ya koya min. Ke dai bar ni in tashe shi."