Gini Ɗaya don Waya Biyu

Manaja ya ja layi a tsakiyar allo, alƙalamin maka yana ƙara, ya ce yau za a yanke magana.

Kamfanin nasu ƙarami ne, manhaja ɗaya tak yake da ita, mai gaya wa fasinja wace bas ce ke tahowa da inda za ta. Tun farko gini biyu ake mata, ɗaya na Android, ɗaya na iPhone, kowanne da masu kula da shi. Yanzu wata sabuwar injiniya ta zo da shawara: a rubuta kod guda, wato umarnin da manhaja ke bi, ya yi aiki a duka wayoyin, a huta da gyara abu ɗaya sau biyu.

Kowa ya yarda, ban da Dattijo, wanda shi ya fara gina manhajar tun ofishin yana ɗaki ɗaya.

"Karanta min abin da ka rubuta," ya ce wa Manaja. "Rubutun nan naka kamar kaza ta bi ta kan allo."

Aka yi dariya, Manaja ya karanta. Dattijo ya gyara abin sauraron da ba ya rabo da kunnensa, ya ce ya gwada samfurin sabon ginin. Da kyau kam, an ce yana da kyau. Amma muryar waya mai karanta allo ba ta gane komai a cikinsa, alhali a tsohon gini kowane abu da sunansa.

"Za mu gyara daga baya, Baba," in ji sabuwar injiniya cikin ladabi. "Masu amfani da muryar nan ba su da yawa."

Dattijo ya san wannan "daga baya" ɗin. Ya sha faɗa wa wasu ita da bakinsa.

A ɗakin shayi ya ji ana ƙus-ƙus, wai tsoho kujerarsa yake karewa, tunda in gini ya zama ɗaya shugaba ma ɗaya za a buƙata. Wani ya ce ai tun da ya sayar da motarsa ya koma shiga bas ya zama mai ƙorafi. Ya zuba ruwan zafi har ya malalo a yatsunsa. Gaskiyar tana bakinsa, amma ya san ranar da ya furta ta, ranar za a fara yi masa magana a hankali, a kuma nema masa hutu. Ga 'ya'ya a makaranta.

Da aka koma taron, aka ɗaga hannu don ƙuri'a. Bai tambayi nawa ba, shirun ya ishe shi.

Ranar da sabon ginin ya fita, an yi ta tafi a ofis. Da yamma Dattijo ya bi jikin katanga zuwa tasha kamar kullum, ya tsaya inda ya saba, ya buɗe manhajar. Ya shafa allon.

"Maɓalli," in ji muryar.

Ya sake shafawa.

"Maɓalli. Maɓalli."

Bas ta tsaya a gabansa tana huci, mutane suna ture kafaɗarsa suna shiga. Lambarta na nan a goshinta, manya-manya, sai dai tun bara idanun Dattijo suka daina ganin komai sai hazo.